Karo-karon dala ɗari-ɗari da waƙar da ba ta da amshi

Jiya da daddare ina kwance bacci ya ƙi zuwa ina ta latse-latsen waya, kawai sai YouTube ya jefo min bidiyon waƙar Protect Ya Neck ta Wu-Tang Clan, ƙungiyar mawaƙan rap ta Amurka, wlh ban san sanda na tashi zaune ba. Madam ta juyo tace lafiya? nace lafiya lau ki yi baccinki, tsohon miki ne aka fama min. Na laluɓo iyafis na saka, sai da na kalla sau uku a jere, kuma tun a na biyun na san yau sai na yi rubutu a kai ko da kuwa mutum biyar ne za su karanta.

Ni dai a 1998 na fara jin waƙar nan, wato ta shekara biyar da wani abu da fitowa kafin ta iso Tudun Wadan Kaduna inda muke. Yayana ne ya dawo hutu daga Zariya da wani kaset, ba orijina ba ne, kwafi ne da aka ɗauka daga wani kwafin, a jiki an rubuta WU da jan biro shikenan, babu hoto babu sunayen waƙoƙi. Rikodar gidanmu irin mai cin batir shidan nan ce, in batir ya fara sanyi sai muryar mutum ta koma kamar ta basamude. Mu a lokacin abun da muka sani a rap ɗin Amurka shi ne irin na Kalifoniya, kiɗa mai santsi da za ka iya kaɗa kai ko ba ka jin turanci. To ana danna kaset ɗin nan abun da ya fara fitowa ba kiɗa ba ne, muryar fim ɗin Chana ce, irin turancin nan da ake ɗora musu wanda baki ya gama motsi magana ba ta ƙare ba, ga ƙarar takobi shuuu. Na kalli yaya nace yaya kaset ɗin fim ka ɗauko ai. Yace kai dalla yi mana shiru ka ji.

Duk wanda ya tashi a arewa a shekarun nan ya san matsayin fim ɗin Chana a wurinmu. In ka cire Indiya to su ne. Gidan kallo, benci, janareta yana ihu a waje, an kashe wa ekta malaminsa ya gudu dutse ya koyo sabon faɗa ya dawo ya gama da bos, mu kuma mu fito lungu muna ta tsalle muna karya wa juna hannu. Ban taɓa kawowa a raina cewa a can Niyok ma akwai wasu yaran talakawa baƙaƙen fata da suke zama a silima mai arha a titi na 42 suna kallon irin finafinan nan suna haddace su kamar mu ba. Sunan ƙungiyar ma daga wani fim ɗin Hong Kong na 1983 suka samo shi, Shaolin and Wu Tang, unguwarsu kuma Staten Island suka sake mata suna suka ce Shaolin. Wannan ne ya fara kama ni tun kafin in gane kalma ɗaya a abun da suke faɗa.

Bari in ɗan yi bayanin Staten Island ɗin don sai da shi labarin zai zauna. Birnin Niyok yanki biyar ne, rap a Bronx aka haife shi, Brooklyn da Queens da Manhattan duk sun fitar da manya, ita kuwa Staten Island tsibiri ce a gefe, jirgin ƙasan ƙarƙashin ƙasa na birnin ma bai haɗa da ita ba, in za ka Manhattan jirgin ruwa za ka hau wajen minti 25. Su kansu 'yan birnin kallon ƙauye suke mata. Yawancin 'yan Wu-Tang a gidajen gwamnati na talakawa suka tashi a can, Park Hill da Stapleton, sauran kuma 'yan Brooklyn ne. Uku daga cikinsu, RZA da GZA da Ol' Dirty Bastard, 'yan uwa ne na jini, tun suna yara suke rap tare.

Abun da mutane da yawa ba su sani ba, ni ma sai da intanet ta zo na sani, biyu daga cikinsu sun riga sun shiga kasuwar sun fito da kunya kafin a kafa Wu-Tang. GZA ya fitar da album a 1991 lokacin yana amfani da sunan The Genius a kamfanin Cold Chillin', bai yi kasuwa ba. RZA shi ma a 1991 ɗin, lokacin yana Prince Rakeem, kamfanin Tommy Boy suka fitar masa da wata waƙar 'yan mata, aka sa shi kwalliya yana murmushi cikin mata a bidiyo, in ka kalla yanzu ba za ka yarda shi ba ne, ba ta je ko'ina ba suka sallame shi. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta, ko ma dai gangar ba a tsaya an kaɗa ta yadda ya kamata ba. Bayan haka ya koma Ohio, ya faɗa rigimar harbi a garin Steubenville har aka gurfanar da shi kan zargin yunƙurin kisa, da an same shi da laifi shekaru zai yi a gidan yari, a 1992 kotu ta wanke shi. Mutumin da ya fito daga wannan ne ya dawo Staten Island ya tara 'yan uwa da abokai yace kowa ya kawo dala 100.

Karo-karo fa, irin wanda muke yi in za a sayi ƙwallo ko a yi wa aboki gudummawar biki. Dala ɗari-ɗari aka haɗa aka biya sitidiyo mai suna Firehouse, aka shiga aka yi waƙa. Ɗaya daga cikinsu, Method Man, kafin nan aikin leburanci yake a wurin gunkin nan na Statue of Liberty, wasunsu kuma sana'ar da suke yi a bakin titi ba ta faɗuwa a gaban surukai. Babu kamfani babu manaja mai kwat, su suka buga faifan da kansu da sunan Wu-Tang Records a ƙarshen 1992, suna yawo da shi a but ɗin mota shago-shago, gidan rediyo zuwa gidan rediyo. Cikin waɗanda suka fara sakawa akwai shirin Stretch Armstrong da Bobbito a WKCR, rediyon jami'ar Columbia, shirin da ake yi tsakar dare lokacin da masu hankali suke bacci.

Yanzu ita kanta waƙar. Kusan minti biyar, mutum takwas, kuma babu amshi. Wannan ne abun da ya fi ɗaure min kai a matsayina na Bahaushe, don mu waƙa in ba amshi ai ba ta cika waƙa ba, tun daga makaɗan fada har na noma har na finafinanmu, mai waƙa ya ja baiti 'yan amshi su karɓa, nan ne mai sauraro yake hutawa nan ne kuma yake kamawa ya tafi da shi gida. A Amurkan ma haka kasuwa take so, amshi shi ne ƙugiyar da rediyo take kama mutane da ita. Su kuwa waɗannan suka ce babu, wannan ya sauke wannan ya ɗauka, wannan ya sauke wannan ya ɗauka, ba inda za ka ja numfashi. Daga baya na gane abun da ya fi kama da shi a wurinmu ba waƙa ba ce, kirari ne. Ka je filin dambe ka ga yadda kowane ɗan dambe yake fitowa tsakiya ya ɗaga hannu ya yi wa kansa kirari ya koma wani ya fito, to shi ne Protect Ya Neck, maza takwas kowa yana cewa ga ni nan kuma duk wanda ya isa ya fito. Sunan waƙar ma gargaɗi ne, wai ka tsare wuyanka, takobi na tafe.

Inspectah Deck ne ya buɗe, kuma har gobe ina kan bakana cewa da wani aka sa a farko da waƙar ba ta tashi haka ba, muryarsa a tsaye take kalmomi suna fita ɗaya bayan ɗaya kamar mai ƙirga kuɗi. Raekwon ya karɓa, sai Method Man da muryar nan tasa mai kaushi kamar wanda mura ta kama amma kuma tana da zaƙi, kana ji ka san wannan shi 'yan mata za su so, haka kuwa aka yi. U-God layi kaɗan aka ba shi, 'yar gada ce kawai ya yi ya wuce. Sai Ol' Dirty Bastard. Kai jama'a. Ranar farko da na ji shi dariya na dinga yi har yaya ya kai min rankwashi, mutum ya fara kamar zai rera waƙa ya ɓige da ihu, ya bar kiɗan ya tafi yawonsa ya dawo ya same shi a hanya, irin mutumin da in ya shigo majalisa kowa zai gyara zama don ba a san me zai yi ba. Ghostface ya shigo da sauri kamar an biyo shi, a lokacin ma fuskarsa a rufe yake fitowa. RZA ya yi nasa yana tauna kalmomi cikin fushi. Sannan aka bar wa GZA ƙarshe.

Baitin GZA shi ne wanda na fi komawa kansa yanzu da na girma. Da ina yaro shi na fi rainawa don ba ya ihu, a natse yake magana kamar babban wa yana yi wa ƙannensa bayani. Ashe zambo ne yake zubawa, kuma ba wani mawaƙi yake yi wa ba, kamfanonin waƙa yake yi wa, har tsohon kamfaninsa ya juya sunansa ya mayar da shi abun zagi, yana yi wa ma'aikatansu shaguɓe cewa mutanen da ba su san unguwa ba ba su san rap ba su ne suke zaune a ofis suna yanke wa mawaƙi irin waƙar da zai yi. Ka duba fa, waƙarku ta farko ce, ba ku da kowa, kuna neman wanda zai ɗauke ku, amma kuka rufe ta da zagin masu ɗaukar. Ko dai hauka ko dai sanin abun da kake da shi a hannu.

Kiɗan kuma datti ne zalla, da gangan. Ganga mai nauyi, wani ɗan sauti yana kuka a sama kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba, ɗan fiyano can ƙasa. A watan Disambar 1992 ɗin nan Dr. Dre ya fitar da The Chronic, kiɗa fes kamar an wanke an goge, duk Amurka ta koma can, sai ga wasu sun fito da abun da kamar a ɗakin ajiye kaya aka yi shi. Ni da nake ji a kwafin kwafi a rikoda mai mataccen batir na ɗauka laifin kaset ɗinmu ne, sai da na ji orijina bayan shekaru na ga ashe ba wani bambanci mai yawa. Wani abun dariya kuma, wadda take cikin album ɗinsu na farko an toshe ashar ɗin da ƙararraki, mu muna jin ƙiiit ƙiiit a tsakiyar magana muna cewa wai salo ne, har kwaikwaya muke da baki. Bidiyon ma haka, yawanci baƙi da fari, a lungu da saman bene, har lambobin ƙirga lokaci na masu tace bidiyo suna gudu a jiki ba a cire ba.

Wani abu da yaya ya gaya min a lokacin, wai ai musulmai ne, don yana jin suna ambaton Allah da wasu kalmomi kamar namu. Na daɗe da yarda da haka. Gaskiyar ita ce yawancinsu a lokacin suna bin wata ƙungiya ce da ake kira Five Percent Nation wadda wani Clarence 13X ya kafa a Harlem a shekarun 1960 bayan ya fita daga Nation of Islam, kuma aƙidarsu ta yi hannun riga da abun da muka karanta a Islamiyya, nesa ba kusa ba. Daga baya dai Ghostface da Raekwon sun karɓi musulunci. Na faɗa ne don kar wani yaro ya je ya ji ya dawo yana cewa ustazai ne.

To waƙa ta kama a Niyok, kamfanoni suka fara zuwa, a nan ne RZA ya yi abun da ni a wurina ya fi waƙar kanta. Wanda maciji ya taɓa sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Ka'idar kasuwa a lokacin in kamfani ya ɗauki ƙungiya to ya ɗauki kowa da ke ciki, ko kai kaɗai za ka yi waƙa gobe nasu ne kai. RZA yace a'a, ƙungiya za mu sayar muku amma kowane mutum yana da 'yancin ya je duk kamfanin da ya ga dama ya yi nasa cinikin. Manya suka ƙi. Wani ƙaramin kamfani Loud Records na Steve Rifkind ya yarda, kuɗin da ya bayar dala 60,000 ne kacal, ka raba wa mutum tara ka cire kuɗin aiki ka ga abun da ya rage. Loud suka sake fitar da Protect Ya Neck a 1993 da wata waƙa mai suna Method Man a bayan faifan, ranar 9 ga Nuwamba 1993 kuma album ɗin Enter the Wu-Tang (36 Chambers) ya fito. Na taransu Masta Killa ba ya cikin Protect Ya Neck, a album ɗin ma baiti ɗaya ya samu.

Sai ka ga yadda ƙaramin kuɗin nan ya haihu. Method Man ya tafi kamfanin Def Jam ya fitar da nasa a 1994, Ol' Dirty Bastard ya tafi Elektra, GZA ya tafi Geffen, Raekwon ya zauna a Loud, su ukun duk a 1995, Ghostface a Epic a 1996, kuma kusan duk kiɗan RZA ne ya yi a ɗakinsa na ƙasa. Kamfanoni biyar masu gaba da juna kowa yana kashe kuɗinsa yana tallata tambari ɗaya, W ɗin Wu-Tang. Dama RZA ya ce musu su ba shi shekara biyar, shi ne direba su fasinja kar wanda ya taɓa sitiyari, zai kai su lamba ɗaya. A watan Yunin 1997 album ɗinsu na biyu Wu-Tang Forever ya fito ya hau lamba ɗaya a Billboard, jerin album ɗin da suka fi kasuwa a Amurka, a satin farko. Ba wai daga nan komai ya tafi lafiya ba fa, daga baya Ghostface da U-God duk sun kai ƙara kotu kan kuɗi, ruwa ya taɓa cinye ɗakin RZA ya tafi da kiɗe-kiɗe masu yawa har da na album ɗin Inspectah Deck, wanda nake ganin shi ya sa bai kai inda ya kamata ya kai ba, Ol' Dirty Bastard kuma ya rasu a Nuwamban 2004 kwana biyu kafin ya cika 36.

To ga inda mikin yake. A 2004 ɗin nan mu ma mun kafa tamu. Mu shida ne, duk 'yan layi ɗaya, kuma wlh Wu-Tang muke kwaikwayo har da sa wa unguwa sunan Chana wanda ba zan faɗa ba don kar a gane mu. Muka ce mu ma karo-karo za mu yi, naira ɗari biyar-biyar, mu yi waƙa da Hausa ba amshi kowa ya zuba nasa. Sati uku muna tara kuɗin. Mutum biyu ba su kawo ba, ɗaya kuma da yake babansa yana da shago a kasuwa ya biya musu, shikenan ya zama mai kuɗi a ƙungiya. Ranar da muka je sitidiyo, wani ɗaki ne an manna katifa a bango, fanka a kashe don kar ta shiga makirfo, zufa kamar an watsa mana ruwa, sai rigima ta tashi kan wa zai fara. Mai kuɗi yace tunda shi ya biya kaso uku shi zai buɗe kuma baiti biyu zai yi. Wanda ya fi mu iyawa, wani siririn yaro da ba ya magana sosai amma in ya buɗe baki sai tsigar jikinka ta tashi, yace shi a sa shi ko'ina ba komai. Ni kuma da nake ganin ni ne RZA ɗin tafiyar, na buɗe baki zan yi hukunci aka ce min wa ya naɗa ka? Awa biyu muka biya, awa ɗaya da kwata ta tafi a musu, mai sitidiyo yana zaune yana cin gyaɗa yana kallon agogo. Da ƙyar mutum huɗu suka shiga aka ɗauke wuta. Muka dawo bayan sati yace kwamfuta ta ci aikin, in muna so mu sake biya. Ba mu sake haɗuwa mu shida a wuri ɗaya ba sai a bikin ɗayanmu bayan shekara bakwai.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan mai sitidiyo da kwamfutarsa. Jiya da nake kallon bidiyon nan karo na uku sai hankalina ya tsaya a kan U-God. Waƙar da za ta fitar da su duniya, aka ba shi 'yan layuka da ba su kai rabin na kowa ba, ya yi ya matsa gefe. Method Man wanda kowa ya san shi ne tauraro ya yarda ya zo na uku. GZA da ya girme su duka kuma ya riga su fitar da album ya jira har ƙarshe. RZA ma an ce bayan kowa ya gama ya tafi sai da ya canza kiɗan ya sake jera baitocin yadda ya ga dama, suka zo suka ji suka bar shi a haka. Mu kuwa naira dubu uku ce ta hana mu jera mutum shida.

Siririn yaron nan namu yanzu yana sayar da kayan gyaran babur, 'ya'yansa huɗu. Da asuba na tura masa bidiyon a WhatsApp ban rubuta komai ba. Wajen ƙarfe tara sai ga saƙon murya na sakan hamsin, na buɗe ina cikin adaidaita, ashe baitinsa ne na 2004 wanda kwamfuta ta cinye, daga farko har ƙarshe bai manta kalma ɗaya ba, ana jin hayaniyar kasuwa a bayansa har wani yana tambayarsa nawa ne fulogi. Ya ƙarasa baitin tukuna sannan ya ce wa mutumin dubu ɗaya da ɗari biyu.